Masaƙin da Ya Warke Sau Bakwai

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ba a san wata allura ba sai ta ɗinki. Ba zan faɗi sunan garin ba, kada wani a cikinku ya ce da kakansa nake. Ku matso ku saurara. Na baya kuma a bar hirar taki sai an tashi.

Sunan wannan bawan Allah Nomau, sana'arsa saƙa. Masaƙan garin rumfa ɗaya gare su a bakin ƙofar gabas, kowa da gurbinsa, kuma gurbin Nomau na ubansa ne, uban ma a wurin nasa uban ya gada. A nan yake samun abin da shi da matarsa Tabawa za su sa a baki. Wanda ya rasa gurbi a rumfar nan ya rasa masu saye, don duk mai neman zane can yake nufa.

Nomau mutum ne mai kara, kara har ta yi masa yawa. Idan ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri, ya ce shi ya bar ta a hanya. An taɓa ba shi fura wadda ta kwana biyu a wani gidan suna, ya shanye tas ya sa albarka, ya yini yana zarya bayan gari, kuma da ya gamu da mai gidan washegari sai ya sake yi masa godiya. Tabawa kuwa ba haka take ba. Ita abin da ke cikinta shi ne a bakinta, shi ya sa gidan bai rushe ba.

Yana da shekara arba'in da 'yan kai sai Allah ya jarrabe shi da wani ciwo. Ku saurara da kyau, don wataƙila akwai mai irinsa a gidanku. Ciwo ne da ba shi da mazauni. Yau yana kafaɗa, gobe ya sauko ƙugu, jibi ya rabu biyu ya kama gwiwa da wuya. Nomau zai yi barcinsa ya tashi a gajiye tilis, kamar an kwana ana sussuka a bayansa. Wata rana rigar jikinsa ma nauyi take yi masa. Ga mantuwa, sai ya riƙe ƙoshiyar saƙa a hannu yana cigiyar wanda ya ɗauke masa ƙoshiya. To amma ka dube shi, babu kumburi, babu zazzaɓi, ido bai yi rawaya ba, bai rame ba. Babban laifinsa ma yana cin tuwonsa. Ai kun san mu, mara lafiyar da ke cin tuwo ba mu cika yarda da shi ba.

Da aka ji Nomau ya kwanta sai 'yan dubiya suka fara zuwa, kuma a garin nan babu mai zuwa dubiya hannu sake. Kowa likita ne. Ta farko Gwaggo Yalwa, ƙanwar ubansa. Tun daga zaure ta gano ciwon, ba ta ma gan shi ba tukuna, ta ce sanyi ne. Ta kawo jiƙon maɗaci cikin ƙwarya, ta tsaya a kansa sai da ya shanye. Ɗacin ya bi shi har yatsun ƙafa. Bayan kwana biyu ta dawo ta ce yaya jiki. Jama'a, me Bahaushe ke cewa idan an ce masa yaya jiki? Nomau ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi.

Gwaggo ta fita tana ba da labari gida-gida ta warkar da ɗan wanta.

Sai mahaucin unguwa ya zo, ya ce ba sanyi ba ne, ƙashi ne ya bushe, ya kawo romon ƙafar sa da barkonon da ya isa gidan biki. Wannan kam Nomau bai ƙi ba, sai dai ciwon ma bai ƙi ba. Aka ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Wata tsohuwa ta ce dattin ciki ne, ta ba shi abin da ya wanke shi har ya ga jiri. Da sauƙi. Wani ya zo da man kaɗe da tafarnuwa ya murje shi da hannun noma, Nomau yana cije haƙori hawaye na zuba, mutumin yana cewa ciwon ne ke fita. Da sauƙi. Akwai ranar da maƙwabta biyu suka yi karo a ƙofar ɗakinsa, ɗaya da tukunyar sirace ɗaya da kaskon hayaƙi, kowa ya ce shi ya riga. Don kada ran wani ya ɓaci Nomau ya ce a haɗa. Aka lulluɓe shi da gwado, tururi ta gaba hayaƙi ta baya, da aka buɗe shi sai da Tabawa ta yi salati. Akuyar gidan ma ta daina shiga tsakar gida na kwana uku.

Na bakwai shi ne Barau mai magani, wanda ke baza tabarma a kasuwa da murya kamar ta sanƙira. Shi ya ce duk waɗancan ba su san aiki ba, sammu aka yi wa Nomau saboda kyan hannunsa. Ya ba shi wani baƙin gari ya ce a sha a kunu safe da yamma. Nomau ya sha, bai kuma daina shan na Gwaggo da na sauran ba, don kowa yakan leƙo ya ga ko ƙwaryarsa ta ragu. Da Barau ya dawo ya ce yaya jiki, kun riga kun san amsar.

Tabawa ta yi faɗa har ta gaji. Ta ce masa shi fa ba randa ba ne da kowa zai zo ya juye abin da ya ga dama. Nomau ya ce ai don Allah suka kawo, ina zai iya kallon idon Gwaggo ya ce jiƙonta bai yi ba? Kuma a ganinsa mai haƙuri ba ya ƙorafi. Ya ɗauka duk wanda ya ce jikina na ciwo ya yi wa Ubangiji butulci.

Yanzu ku ga inda karar ta kai shi. Mutum bakwai a gari, kowa na rantsuwa shi ya warkar da Nomau, kowa kuma shaidarsa bakin Nomau ne. To mutumin da ya warke sau bakwai me yake yi a kwance? Nan magana ta juya. Aka fara cewa lalaci ne, aka ce ya ɗanɗana romo ne ya ga kwanciya ta fi saƙa. Maganar ta kai kunnensa, ta yi masa zafin da ya fi na kafaɗar. Ran nan da ya ji ɗan dama-dama sai ya tafi rumfa tun da sassafe ya zauna ya yi ta saƙa babu tashi har rana ta yi ja, don ya nuna musu shi ba rago ba ne. Washegari ko buta bai iya ɗagawa ba, ya kwana huɗu a kwance. Sai masaƙa suka ce to kun gani, ranar da ya ga dama yakan yi aikin mutum biyu.

Sarkin masaƙa, Korau, ba mugu ba ne, mutum ne dai mai sauri, ko gaisuwa a tafe yake yin ta. Ya aiko aka gaya wa Nomau cewa ga wani masaƙi baƙo ya zo gari yana neman wuri, kuma ba za a bar gurbi a banza saboda mai lafiyar da ba ya son aiki ba. Ran kasuwa mai zuwa dattawan rumfa za su zauna su ba baƙon gurbin.

Nomau ya ji saƙon ya ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri. Tabawa ta ji saƙon ta ɗauko mayafinta.

A can ƙarshen gari akwai wani tsohon wanzami, Cindo, wanda ba kowa ke zuwa wurinsa ba. Mutane na yi masa laƙabi da Ban-sani-ba, don sau da yawa idan aka kai masa ciwo yakan duba ya ce bai san shi ba, kuma mu ba ma son mai magani mai faɗin haka, mun fi son wanda zai gano ciwon tun daga zaure. Can Tabawa ta tisa mijinta gaba, suna tafiya suna hutawa. Suka same shi a gindin bishiya yana wasa aska. Aka gaisa, Cindo ya ce yaya jiki, Nomau ya ce da sauƙi.

Cindo ya ce, "Madalla. To ku gaida gida." Ya ci gaba da wasa askarsa.

Nomau har ya fara neman takalminsa, sai da Tabawa ta danne masa gefen riga. Tsohon ya yi dariya ya ajiye askar, ya jawo buzu ya zauna gab da shi.

Ya ce, "Ɗana, waccan gaisuwa ce, mun gama ta. Yanzu tambayar aiki zan yi maka. Ba ni da inda za ni yau. Ina ne ke ciwo, tun yaushe, me ke tayar da shi?"

Ku saurara, jama'a. Wata goma sha ɗaya mutumin nan yana ciwo, wannan ce rana ta farko da aka tambaye shi ina ke ciwo. Duk sauran gaya masa suke yi. Da farko ya yi ta kame-kame, yana cewa ba wani abu ba ne, akwai waɗanda suka fi shi. Cindo bai katse shi ba, bai kuma taimake shi ba, yana dai jira. Can sai magana ta ɓalle. Ya faɗi na kafaɗa, ya faɗi na ƙugu, ya faɗi barcin da ba ya hutar da shi, ya faɗi mantuwar, har inuwar bishiyar ta matsa suka bi ta. Cindo ya sa yatsa a hankali ya danna bayan wuyansa da gefen gwiwarsa, dannawar da ba za ta fasa ƙwai ba, Nomau ya zabura. Tsohon ya janye hannunsa.

Ya ce, "Na yarda kana ciwo. Ciwo mai tsanani ma."

Nomau ya sunkuyar da kai ya yi kuka, kukan da bai yi ba ranar hayaƙi da sirace. Abin da yake nema ke nan tun farko, shi kansa bai sani ba.

Daga nan Cindo ya gaya masa gaskiya. Ya ce bai san sunan ciwon ba, bai kuma san maganin da zai tsige shi ba, kuma ba zai yi masa ƙaho ba don babu abin da ƙaho zai zuƙo. Amma a tsawon aikinsa ya ga irinsa wurin mata uku da namiji ɗaya, ya kuma lura da abin da ya rage musu. Ya ce a zubar da ƙoren nan duka, in za a gwada magani a gwada ɗaya, a ba shi lokaci, don a san wanda ya yi da wanda bai yi ba. Ya ce ya riƙa gasa jiki da ruwan ɗumi da safe, ya riƙa takawa a hankali zuwa rijiya ya dawo ko da jiki ba ya so, don kwanciya tsantsa ƙara sandarewa take yi. Ya kwanta da wuri, a lokaci ɗaya kullum. Saƙa kuwa ya yi ta guntu-guntu, ya tashi tun ciwo bai tashe shi ba, musamman ranar da ya ji ƙarfi, don ita ce ranar da ke yaudararsa. Sannan ya dawo duk Juma'a ya faɗi yadda aka kwana, abin da bai yi ba a canza. Sharaɗi ɗaya ya kafa masa, ya ce in ya sake kawo masa da sauƙi ta ƙarya zai aske masa rabin kai ya sallame shi.

Kwana biyar ya yi yana bin wannan tsari. Bai warke ba, kada wani ya je ya ce na ce ya warke. Amma ya iya ɗaga buta, ya iya zama ya saƙa kamu biyu a gida ya tashi. Ran kasuwa ta zo, ya lallaɓa ya fita don ya je rumfa ya roƙi dattawa, ko da yake bai san abin da zai ce musu ba.

Hanyar rumfa ta tsakiyar kasuwa ta bi. Barau mai magani na tsaye kan tabarmarsa, jama'a sun kewaye shi, yana ɗaga baƙin garinsa sama. Yana hango Nomau ya yi tsalle ya kamo hannunsa ya jawo shi tsakiyar fili. Ya ce jama'a ga shaida Allah ya kawo, ga mutumin da aka fid da rai da shi, yau ga shi da ƙafarsa, kowa kuma ya san Nomau ba ya ƙarya. Ya ce ya faɗa musu da bakinsa garin wa ya tashe shi. Gwaggo Yalwa da ke sayar da daddawa a gefe ta taso ta ce ƙarya ne, jiƙonta ne. Mahauci ya leƙo da wuƙa a hannu ya ce a dai tambayi romo. Ga Sarkin masaƙa Korau a tsaye cikin taron, ya tsaya ne a hanyarsa ta zuwa zaman dattawa.

Nomau ya dubi Barau, ya dubi Korau. In ya ce ya warke ya faranta wa Barau, ya kuma tabbatar wa Korau shi rago ne, gurbin ubansa ya tafi. In ya ce bai warke ba ya kunyata mutum bakwai a tsakiyar kasuwa, har da ƙanwar ubansa. Bakinsa ya riga ya buɗe da kalmar da ya saba, sai ya tsaya. A nan ya gane babu maƙaryaci a cikin mutanen nan bakwai. Kowa abin da aka gaya masa yake maimaitawa.

Ya durƙusa, gwiwar na ciwo, ya ce, "Gwaggo ki gafarce ni. Malam Barau ka gafarce ni. Jama'a, ban warke ba. Ko yanzu da nake magana kafaɗata kamar ana hura mata wuta. Ba su suka yi ƙarya ba, ni na yi. Kowa ya tambaye ni na ce da sauƙi don kada ya ji ba daɗi. Kuma magungunan nan duka tare nake shan su, ban san na wa ya yi me ba."

Barau ya sauke hannunsa a hankali, ya ce dama ya ga alamar an gauraya masa magani, ya koma yana tallan na ciwon haƙori. Gwaggo ta fara haɗe rai, amma da ta tuna na Barau ma bai yi ba sai ta saki fuska, ta ce nata dai lokaci aka hana shi.

Jama'a suka fashe da dariya, Korau ne bai yi ba. Ya ce da Nomau, ai shi da kansa ya sha tambayarsa jiki, me ya hana ya faɗa masa?

Nomau ya ce, "Ka tambaya, ranka ya daɗe, Allah ya saka. Sai dai kafin in haɗa amsar ka riga ka sha kwana."

Korau ya tsaya cak. Mutumin da ba a taɓa ganin ya zauna a kasuwa ba ya jawo wani kwando ya kife ya zauna a kai, ya ce to yanzu ga shi, a gaya masa. Nomau ya gaya masa, ya kuma faɗi abin da Cindo ya tsara. Da dattawa suka zauna da la'asar Korau ya ce gurbin Nomau na Nomau ne, ya yi saƙa daga safe zuwa hantsi ya tashi, ranar da jiki ya ƙi ya aiko a sani. Baƙon kuwa aka ƙara masa rumfa daga gefe. Ashe duk abin bai wuce itace uku da zana ɗaya ba.

Nomau ya rayu da ciwonsa har ya tsufa. Wata rana da dama, wata rana babu. Yana saƙa kaɗan, mai kyau, yana zuwa wurin Cindo duk Juma'a har tsohon ya rasu, kuma an ce bayan ranar kasuwar nan mutum uku suka bi ta bayan gida suka tambayi Tabawa hanyar gidan wanzamin, ɗaya don uwarsa da suka shekara biyar suna ce mata mai son jiki.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Ciwon nan yana nan har yau, likitoci sun sa masa suna faibromayaljiya, suna mai tsawon da sai ka huta a tsakiyarsa. A auna jini a ce lafiya lau, a ɗauki hoto a ce babu komai, mai shi kuwa yana cin wuya, kuma mata ya fi kamawa. Kai mai ciwo, ke mai ciwo, haƙuri ba shi ne ɓoye ciwo ba. Haƙuri shi ne kada ka yi fushi da hukuncin Ubangijinka, kana kuma neman magani. Da sauƙi ta gaisuwa ce, ka bar ta a ƙofar asibiti, ka shiga ka faɗa wa likita gaskiya tiryan-tiryan, har da abin da kake sha a gida. In ka samu wanda ba ya sauraro, kada ka ce haka Allah ya so ka koma ka kwanta, nemi wani. Kai kuma mai ba da magani, faɗin ban sani ba ba ya rage maka daraja a wurin Allah.

Saura mu masu lafiya, mu ne masu babban laifi. Akwai matar da ke cikin gidanka tana cewa jikinta na ciwo kana cewa ai ta ci tuwo. Akwai tsohuwarka da ta daina faɗa don ta ga ba a yarda. Ka ji tsoron Allah, ciwon da idonka bai gani ba Wanda ya halicci jikin yana ganinsa. Yau in ka koma gida za ka tambaye ta yaya jiki, kada ka tambaya a tsaye. Cire takalmi, nemi wuri ka zauna, in ta ce da sauƙi ka ce na ji, yanzu gaya mini gaskiya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma ya ba mu kunnen sauraronsu.